Ziyara Ta Kai Ni Kaulaha, Ƙwallo Ta Kai Ni Deni

Masu zuwa Maulidin Kaulaha ta mota ba su ji da daɗi ba a shekarar 2023. Tun bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli aka garƙame iyakarmu da Nijar, sai hanyar da mutanenmu suka saba bi ta toshe, wato ta Maraɗi zuwa Yamai, a ratsa Wagadugu da Bamako, a faɗa Senegal ta Tambakunda. Mai hali ya nemi jirgi, marar hali ya yi Maulidinsa a gida. Ni da taimakon Allah da na wani yayana na samu kujera. Muka tashi daga Legas, muka yada zango a Lome, muka sauka a filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a ƙarshen 2017. Filin yana wajen Dakar sosai, a garin Diass, kuma hakan ya yi mana daidai, domin ba mu shiga cunkoson birni ba. Daga nan muka kama titin Mbour, muka bi ta Fatick, sai Kaulaha.

Labarin ziyarar kanta ba zan tsawaita shi ba, waɗanda suka fi ni ilimi da shauƙi sun sha ba da shi. Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa a 1930, a kwanakin Maulidi sai ka rantse wani yanki ne na Kano aka ɗauko aka dasa a bakin kogin Salum. Hausa kake ji ta ko'ina, daga bakin masallaci har wurin masu sayar da carbi da turare. Zumuncin ya daɗe, tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Garin kuwa akwai zafi, irin mai ɗanshi da ke jiƙa riga tun kafin hantsi, ga sauro, ga 'yan acaɓa da suke kira Jakarta suna ta giftawa ba birki. A bayan gari tarin gishiri ne fari fat, a ƙauyukan kewaye kuma gyaɗa ce iya ganinka. Bakano in ya ga gonakin nan dole ya tuna da dalar gyaɗar da ake ba shi labari.

Gidan da aka sauke mu akwai wani saurayi, ɗan mai gidan, da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Hausarsa ta ɗaliban Kano da Zariya ce da ke karatu a unguwar, har da su "wallahi tallahi" da "kai, haba". Shi ke kawo mana abinci, babban faranti na shinkafa da kifi da kabeji da rogo, kowa ya ci gabansa, shi kuma ke dafa shayin da suke kira ataya bayan an ci. Wata rana ya leƙo ya ga ina duba labarin Kano Pillars a waya, lokacin sun dawo babban rukuni ana shirin fara kaka.

Ya ce, "Kawu, ashe kai ma namu ne."

Na ce, "Ni na Masu Gida ne, ɗana."

Ya ajiye butar shayi ya ɗaga hannu, ya fara lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kofin Afirka na manya, Fabrairun 2022 a Yawunde, Senegal ta doke Masar a bugun fenareti. Kofin ƙwallon bakin teku, a Mozambik, a shekarar. Kofin 'yan wasan gida, CHAN, Fabrairun 2023, sun ɗauke shi a gaban masu masauƙi Aljeriya. Kofin 'yan ƙasa da shekara 20, a watan Maris a Alƙahira, ba a zura musu ko ɗaya a raga ba tun daga farko har ƙarshe. Kofin 'yan ƙasa da shekara 17, a watan Mayu, sun doke Maroko 2-1 bayan ita ta fara ci. Yatsu biyar suka ƙare, ya nuna mini dunƙulallen hannu yana dariya. Bai manta ya tuna mini cewa a gasar 'yan 20 ɗin nan da Najeriya suka buɗe baki ba, 1-0.

Ban bar shi ya tafi da ita salin-alin ba. Na ce to da aka je Kofin Duniya na 'yan 20 ɗin a Ajantina fa? Ku a rukuni kuka tattara kayanku, mu kuwa masu gidan muka kora da ci 2-0, kuma waɗanda suka ci ƙwallayen, Ibrahim Muhammad da Rilwanu Haliru Sarki, ko daga sunayensu ka san daga inda suka fito. Ya amsa cewa gaskiya ne, ya zuba mini shayi na biyu. Wani abokin tafiyarmu da ke jan carbi a gefe ya ɗago ya ce, "Sayyadi, ziyara ka zo ko gidan kallo?" Muka sassauta murya.

Abin da ya ja hankalina a hirar yaron nan shi ne waɗanda ba ya ambata. Na zaci Sadio Mane zai cika ni da shi, ko Kalidou Koulibaly, ko Edouard Mendy. Ina! Da na kawo sunan Mane sai ya ce wannan ai ya gama nasa, Allah ya saka masa, ya tafi Saudiyya ya huta. Bakinsa na kan yara. Lamine Camara, ɗan wasan tsakiya da ya buga CHAN ya ɗauki kofi, bayan wata guda ya sake ɗaukar na 'yan 20 har aka zaɓe shi gwarzon gasar, sannan ya wuce Metz ta Faransa. Pape Matar Sarr da ya fara samun gurbi a Tottenham. Sai wanda in ya ambace shi har tsayuwa yake yi, Amara Diouf, kyaftin ɗin 'yan 17, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasarsu da guda 5, wanda kuma 'yan makonni kafin zuwanmu aka sa shi a wasan manya da Ruwanda yana da shekara 15. Dukansu uku daga gida ɗaya suka fito, kulob ɗin Generation Foot. Shi ɗan Kaulaha ne, kulob ɗin kuma yana can kusa da Dakar, amma ya ce shi ne nasa, don nan ne ake ganin gobe tun yau.

Kafin mu kai ga can, sai da ya fara kai ni inda abin ke tsirowa. Da damina ba a buga gasar ƙasa a Senegal, lokacin nawetan ne, gasar unguwanni. Kowace unguwa tana da ƙungiyarta ta wasa da al'adu, matasa su bi gida-gida su tara kuɗin riga da ƙwallo da na mota, mata su yi anko, a fito da ganguna. Kada ka ji an ce gasar unguwa ka raina ta. Jama'ar da ke cika fili a wasan nawetan, manyan kulob na ƙasar da yawa ba sa ganin irinta a wasanninsu.

Muka hau Jakarta biyu bayan la'asar. Tun daga nesa kiɗan sabar ke dukan ƙirji, ga ƙananan gangunan hammata da suke kira tama suna amsawa. Kafin a fara wasa na ga wani ya zagaya bayan raga da gorar ruwa yana yayyafawa a jikin turke, wani daga ɗaya ɓangaren ya taso a guje zai hana shi, aka ɗan yi cacar baki. Ban nemi a fassara mini wannan ba, mun san shi a gida.

Kusa da ni wani dattijo ne tela, da tsumman awo rataye a wuya, da alama daga shago ya taho. Tun da aka busa bai kalli inda ƙwallo take ba. Idonsa na kan yaro guda, mai lamba 8, siriri, rigar ta yi masa yawa har ya cusa ta cikin wando, safarsa ɗaya ta zame zuwa idon sawu. Dattijon ya taɓa ni ya yi magana da Wolof, ɗan masaukina ya fassara: "Ya ce ka daina bin ƙwallo, ka kalli wuyan yaron." Na kalla. Kafin a ba shi ƙwallo sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sake waigawa, duk cikin daƙiƙa biyu. Da ta iso ƙafarsa bai tsayar da ita ba, ya bar ta ta wuce ta gabansa, ya juya da ita, wanda ya taho zai take shi ya wuce fuu ya dafe ƙasa. Sannan ya ɗaga ta da bayan ƙafa ta tsallake 'yan baya biyu ta sauka gaban ɗan gaba. Ɗan gaban ya ɗaga ta sama, ta tafi wajen masu sayar da gyaɗa. Fili ya ɗauki ihun takaici. Dattijo kuwa tafi yake yi yana girgiza kai don daɗi, kamar an ci.

Aka tashi unguwarsu ta sha kashi da ci ɗaya. Na yi masa jaje, ya ce jajen me? Yaron nan bara a benci ya ƙare, in an taɓa shi faɗuwa yake, bana ga shi yana riƙe tsakiya minti casa'in. Saura ƙafar hagu, saura ya ƙara nama a jiki, saura ya daina fushi in an yi masa keta. Ya lissafa su tiryan-tiryan, kai ka ce shi ne kocin. Ya ce in Allah ya yarda baɗi za a kai shi gwaji. Da muka fito na hango yaron a bakin ƙofa, takalman ƙwallonsa a cikin leda, yana jiran wanda zai rage masa hanya.

A Kano ma muna da irin dattijon nan, kowane fili akwai su, daga Ƙofar Mata har filayen makarantun firamare na unguwanni. Bambancin da na fara hangowa shi ne da ya ce "gwaji", yana nufin wani wuri takamaimai, mai suna, mai ƙofa, wanda ya san yaran da suka shiga ta cikinta da inda suke yanzu.

Da hidimar Maulidi ta lafa, na nemi izinin mai masaukinmu ya ba ni aron ɗansa. Ya yi dariya ya ce in dai ƙwallo ce ko ban roƙa ba zai bi ni. Muka je tasha da sassafe muka shiga irin tsofaffin Fijo ɗin nan masu cin mutum bakwai. Wanda ya samu kujerar can baya, gwiwarsa da haɓarsa sai sun gaisa, kuma mu muka same ta. Daga Kaulaha zuwa Fatick fili ne shimfiɗaɗɗe mai gishiri-gishiri, ruwan damina kwance a wurare, bayan nan sai kukoki, manya-manya, wasu a tsakiyar gonakin gero. Da muka iso Mbour ya nuna mini mararrabar Saly, ya ce a can Diambars take, makarantar ƙwallon da su Patrick Vieira da Bernard Lama suka haɗu da abokansu suka kafa a 2003. Idrissa Gana Gueye ɗanta ne, haka ma Pape Demba Diop da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 'yan 20. Ya faɗi haka ne da ɗan taɓe baki irin na kishiya.

A Diamniadio muka hango filin wasa na Abdoulaye Wade, mai cin mutum 50,000, wanda aka buɗe a Fabrairun 2022. A nan suka sake doke Masar a fenareti ranar 29 ga Maris na shekarar suka samu tikitin Kofin Duniya na Ƙatar. Ban ce komai ba, domin a wannan ranar ce, kusan a wannan sa'ar, Ghana ta hana mu zuwa a Abuja. Ya sani, na san ya sani, ya dai yi mini kara.

Daga nan muka sauya mota, muka bar babban titi muka nufi arewa, wajen tafkin Retba da Turawa ke zuwa kallo saboda ruwansa mai launin hoda. A lokacin launin ya gudu, tun ambaliyar 2022 da ta tsarma ruwan, masu kwale-kwalen yawon buɗe ido suna zaune suna hamma. Yankin duk rairayi ne da lambuna, kabeji da albasa da karas da tumatir, daga nan ake ciyar da kasuwannin Dakar. A tsakiyar wannan lambunan ƙauyen Deni Biram Ndao yake, kuma a gefensa Generation Foot ta yi gida.

Mady Toure ne ya kafa ta a shekarar 2000, a Dakar, ba ta da fili nata. A 2003 ya ƙulla yarjejeniya da Metz, kuma wannan yarjejeniyar ita ce ƙashin bayan komai. Metz tana zuba kuɗi da kayan aiki da ƙwararrun masu horarwa, ita kuma ke da zaɓin farko a kan duk yaron da ya nuna. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaro zuwa wata nahiya kafin ya cika 18, saboda haka yaran suna zaune a nan, suna kwana a nan, suna karatun boko a nan, suna buga gasar ƙasar Senegal da manya masu gemu, har ranar da shekarun za su cika. Ta wannan ƙofa Papiss Cisse ya fita, da Diafra Sakho, da Mane a 2011, da Habib Diallo, da Ismaila Sarr a 2016, da Pape Matar Sarr a 2020, da Lamine Camara a farkon 2023. Mane da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya zo gwaji daga ƙauyensu Bambali da yagaggun takalma. Kuma da yaran nan da ake ɗiba duk shekara kulob ɗin ya ci gasar ƙasa a 2017, shekararsa ta farko a babban rukuni, ya sake ci a 2019, ya kuma ci a 2023.

Mun tarar ana atisayen yamma, mutanen ƙauye da 'yan baƙi irinmu suna kallo daga gefe. Ciyawa kore shar, an yi mata aski daidai, wanda ya fito daga filin nawetan sai ya ji kamar ya cire takalmi kafin ya matso. Abin da na fi lura da shi shiru ne. Ba mai ihu, ba mai zagi. Koci ya tsayar da wasa, ya kama kafaɗar wani yaro ya juya shi kaɗan, taku ɗaya, ya nuna masa inda ya kamata ƙirjinsa ya fuskanta in zai karɓi ƙwallo, aka ci gaba. Bayan minti biyu ya sake tsayarwa a kan abu ɗaya. Sau nawa aka maimaita, na daina ƙirgawa. Waigen nan da tela ya nuna mini a Kaulaha, wanda yaronsu ya koya da kansa a rairayi, a nan darasi ne da ake biya wa kowa har ya zauna.

Wani magidanci mai lambu ya jingine kekensa kusa da mu, ƙafafunsa duk laka. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ce "Okocha", na ce "El Hadji Diouf", muka yi musabaha, shi ke nan mun zama 'yan'uwa. Ta bakin ɗan masaukina na tambaye shi wanda ya fi so a cikin yaran. Ya nuna wani dogo a baya, ya nuna wani gajere mai gudu a gefen hagu, ya ce amma shi ba ya bari ransa ya kama yaro sosai. Na ce saboda me? Ya ce mai kiwon ragon sayarwa yana wanke shi, yana ba shi dusa da harawa, yana alfahari da shi a gaban maƙwabta, amma ya san ranar da za a zo da igiya. In yaro ya kai shekara biyu yana haskawa a nan ba a ɗauke shi ba, to a fara tambaya ko lafiya.

Wannan magana ta tsaya mini. Mu a gida in ɗan wasanmu ya tafi, cewa muke an raba mu da shi, shugabanni sun sayar sun cinye. Shi kuwa mutumin nan tafiyar ita ce cikar burin. Kakar da kulob ɗinsa zai yi rauni don an kwashe manya, bai ɗauke ta asara ba, lokacin ne ƙananan za su samu fili. Na tambaye shi ko ba ya jin haushin a ce kullum Faransa ce ke shan romon. Ya ɗan yi shiru, ya ce yana ji mana, musamman in ya ji kuɗin da Metz ta sayar da Ismaila Sarr ko Pape Matar. Amma ya ce in Senegal za ta buga, ai ba rigar Metz suke sawa ba.

A ganina amsar ba ta rufe maganar duka ba. Tsarin da aka gina shi a kan fitar da yara waje yana barin gasar gida kullum a matsayin makarantar share fage, filaye ba jama'a, albashi ba auki, kulob ɗin ƙasar kuma in sun fita gasar zakarun Afirka ba sa nisa. Ɗan masaukina bai musa ba. Sai dai ya ce, "Kawu, da babu ai gara ba daɗi," karin maganar da ban san wane Bazazzagi ne ya koya masa ba.

Akwai kuma abin da fatan alheri ba ya so a tuna masa. A hanyar komawa muka bi ta bakin teku, inda aka jere dogayen jiragen kamun kifi masu zanen launi-launi. A irinsu ne samari ke shiga su nufi tsibiran Kanari na Sifaniya. A shekarar 2023 kusan mutum 40,000 ne suka isa tsibiran ta teku, 'yan Senegal da yawa a ciki. Wata guda da 'yan kwanaki kafin zuwanmu aka tsinci wani jirgi kusa da tsibiran Kef Bad (Cape Verde), wanda ya tashi daga ƙauyen Fass Boye da ke wannan gaɓar, sama da mutum 60 na cikinsa ba su kai labari ba. Suna da wani take da suka daɗe suna yi, wai ko Barsa (Barcelona) ko barzahu. Ɗan masaukina ya ce a cikin waɗanda suka buga nawetan tare da shi akwai wanda ya bi ta nan bayan an ƙi ɗaukarsa a gwaji, ya isa, yanzu yana aikin gona a can. Akwai kuma wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Ɗaruruwa ne ke zuwa gwaji, 'yan ƙalilan ake ɗauka, cikin waɗanda aka ɗauka ma ba kowa ke ganin Metz ba. Ya san wannan lissafin sarai, ya fi ni saninsa. Bai hana shi komawa kan maganar ɗan bayan nan dogo ba kafin mu kai tasha.

A mota na yi ta tunanin namu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin Kofin Duniya na 'yan 17, sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013, 2015. Senegal ba ta taɓa ci ba ko sau ɗaya. Mu ma mun yi irin zumuɗin nan, mun fi su ma. Wa ya manta da Macauley Chrisantus da ya fi kowa ci a 2007, ko Sani Emmanuel da aka zaɓa gwarzon gasar 2009 da aka yi a gidanmu? Muka ce an samu magadan Kanu. A cikin kowane ayari mutum ɗaya ko biyu ne ke kai gaci, irin su Iheanacho da Osimhen, sauran sai dai a tuna da su a hirar shayi. Ahmed Musa ya bi ta Jos ya zo Pillars, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, ya wuce Holan a 2010, amma hanyar da ya bi tasa ce shi kaɗai, ba a shimfiɗa ta yadda na bayansa zai taka sawunsa ba. Yaron da ya haska a gasar Ramat a Kano, in ka tambayi masoyinsa ina za shi daga nan, amsar ita ce sai yadda Allah ya yi, ko kuma wani dillali ya ce zai kai shi wata ƙasa in an kawo kuɗin biza. Tela na Kaulaha da mai lambun Deni ba su fi namu son ƙwallo ba, ba su kuma fi su ido ba. Abin da suka fi mu shi ne in sun ce yaro zai yi nisa, suna iya zana maka tashoshin da zai bi.

Na dawo gida ba da jimawa ba saƙonni suka fara shigowa ta WhatsApp, duk na murya, duk da ihu. A watan Oktoba Lamine Camara ya hango golan Monaco ya fito, ya ɗaga masa ita tun daga bayan layin tsakiya ta faɗa raga. Monaco ɗin ce ma ta saye shi daga baya. A Nuwamba, a Kofin Duniya na 'yan 17 a Indunusiya, wanda mu ko zuwa ba mu yi ba don Burkina Faso ta tare mu, Amara Diouf ya zura wa Ajantina biyu. Da Faransa ta fitar da su a fenareti, saƙon da ya zo gajere ne, wai yara sun koyi darasi. A Janairun 2024 aka fara Kofin Afirka a Kwaddibuwa, Lamine ya ci Gambiya biyu a wasan farko, ta biyun ya nannaɗe ta can saman kusurwa. Saƙon ranar minti huɗu ne, rabinsa ba Hausa ba ce.

Ranar 29 ga Janairu masu masauƙi suka cire Senegal a fenareti a Yamusukuro. Na bari sai da gari ya waye, sannan na aika masa da ta'aziyya cikin ladabi, na haɗa masa da jadawalin wasan Najeriya na gaba ko zai so ya kalla. Ya amsa nan take. Ya ce Lamine shekararsa 20, Pape Matar 21, Nicolas Jackson 22, Amara ko 16 bai cika ba, in lissafa shekarun 'yan bayanmu in turo masa. Ya ƙara da cewa yaron nan mai lamba 8 ya fara buga ƙwallo da hagu.

Ranar 11 ga Fabrairu Kwaddibuwar nan dai ta doke mu 2-1 a wasan ƙarshe a Abijan. Ana busa tashi na kashe wayata, sai da na yi sallar azahar washegari na kunna. Saƙo bakwai na tarar.